Bencin da Ke Gaban Surukina

Ni ba ɗan ruwa ba ne, bari in faɗa tun da wuri. Ɗan Geza ne ni, ubana manomi, kakana manomi, iyakar ruwan da muka sani na rijiya da na sama. Kafinta na koya a Sakkwato, wurin wani maigida mai ƙera bodin manyan motoci, shekara shida ina hannunsa. Aure ne ya kai ni bakin kogin Kwara, wani ƙauyen Sarkawa masu su da fito kusa da Lolo. Na ce damina ɗaya zan yi in ɗauki matata mu koma birni. Damina ta uku ta iske ni ina gyaran ƙyauren mutane da akwatunan amare, ƙarnin kifi har cikin rigar sallata.

A shekarar da za a ba mu mulkin kai maigidana ya aiko da saƙo ta bakin direban motar da ke zuwa ƙetaren ruwa, ɓangaren Bagudo, ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Ya ce aiki ya buɗe, ya ajiye mani wuri, rumfa guda zan riƙe masa. Amma in shiga motar da za ta tashi kashegarin bikin mulkin kai. In ban zo ba zai ba wani, kada in ce bai gaya mani ba. Ranar har rawa na taka a tsakar gida kamar wani yaro. Matata tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da abinta. Saura mako biyar ke nan.

To a cikin wannan makon ne surukina ya ɗora mani aikinsa.

Shi ke riƙe da fiton garin. Tun kakanni gidansu ke ƙetarar da mutane, masu cin kasuwar Lolo da masu fitowa daga Dahome, wadda muke ce wa ƙasar Faransa. Dogon tsoho ne, baƙi, ba ya son yawan magana. Ya sa an haɗa masa manyan jirage biyu na maɗaci gefe da gefe, aka gicciya itace aka ɗaure, aka shimfiɗa katako a kai, ya zama fili guda kamar daɓen ɗaki a bisa ruwa. Ya ce ya taɓa ganin irinsa can sama wajen Gaya. Saura wurin zaman mutane da fenti, yana so a gama kafin biki. Kuma kafinta nawa ne a garin? Ni kaɗai, Allah Ya ba ni sa'a.

A gidan nan kunyar surukuta ta yi kauri ƙwarai. Shekara uku ban taɓa duban tsohon nan ido da ido ba. In na hango shi nakan cire takalmi in tsuguna, in ce, "Baba, ina kwana," ya amsa wa iska, mu rabu. Magana in ta wuce gaisuwa sai ta bi ta bakin matata. Ta zauna a tsakani, shi yana can kan buzunsa, ni ina nan bayan dangar zaure, duk muna jin juna sarai, amma sai ya ce, "Ki hwaɗa wa mijinki," ni kuma in ce, "Ki shaida wa Baba." Wani lokaci dariya ke kama ta, ta rufe baki da gefen mayafi.

Tsari biyu na zana masa da gawayi a kan wani guntun katako. Na farko dogayen benci biyu, ɗaya a kowane gefe, mutane su zauna suna kallon juna, kaya da awaki a tsakiya. Na biyu gajerun benci a gicciye, layi-layi kamar na mota, kowa yana kallon gaba. Ni na farkon nake so, kuma ban ɓoye ba. Ya fi dacewa da 'yan kasuwa, nauyi yana zama a tsakiya, sa'an nan, abin da ya fi damuna, aikin kwana biyar ne. Na biyun sai an yi mako uku ana yanka ana feƙewa. Matata ta kai masa zanen, ya riƙe shi jim kaɗan, ya ce, "Kafinta ya hi ni sani." Na ce madalla, an gama.

Saura launi. Wani ɗan kasuwa ya kawo mana gwangwanayen fenti daga ƙasar Faransa: kore, fari, shuɗi da ja. Wakilin hakimi kuwa ya riga ya zo har bakin ruwa ya ce tunda jirgin zai ɗauki baƙi ranar biki, zai yi kyau a ga kore da fari irin na sabuwar tuta. Duk da haka jirgin tsoho ne, shi zai zaɓa. Na shafa kowane launi layi guda a kan katako, na bari ya bushe, na ba matata. Da hantsi ne, rana ta haske tsakar gida tar. Ina leƙe ta ramin danga.

Tsoho ya karɓi katakon, ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya karkata shi wajen rana. Can ya ɗora yatsa a kan jan ya ce, "Koren ga ya yi. A sa shi, da hwarin."

A kan ja, wallahi. Ja wur, irin na barkono.

Matata ta ce, "To, Baba," ta zare katakon daga hannunsa da sauri ta kife shi a cinyarta. Daga yadda ta kife shi na gane ba yau ta sani ba. Na tuna yadda ya daina zuwa kasuwa, yadda yake shafa bango in zai fita zaure, yadda kullum yake cewa rana ta yi masa yawa. Ni da ba na duban fuskarsa, ina zan ga yanar da ta rufe masa ido?

Na iske ta a bakin ruwa tana wankin tukwane, ba kowa kusa. Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bara. Hwari kawai shika gani in yana bisa baƙi. Da inuwar mutum."

Na ce, "Kuma kika bar shi yana tuƙa mutane? Ke kina da hankali kuwa? Yanzu ba ƙaramin kwale-kwale ba ne, mutum arba'in zai ɗauka, da mata da goyo! Ruwa ya cika, itace na gangarowa!"

Ta ce in rage murya. Ta ce Baba ya san Kwara da tafin hannu, a jikin filafili yake jin ruwa, shekara guda ba abin da ya faru. Na ce shekara guda Allah ne Ya tsare. Sai ta ajiye tukunyar ta faɗa mani abin da na sani amma ban taɓa sa shi a raina ba. Fito na wanda ke riƙe da filafilin baya ne da hannunsa. Ranar da aka tabbatar tsoho ba ya gani, Sarkin Ruwa zai miƙa wa ɗan ƙanensa, wanda shekara goma ba sa ga maciji da gidanmu. Tsoho ba shi da ɗa namiji. Yayyenta biyu zawarawa da 'ya'yansu bakwai, da gyatumarsu, duk daga bakin jirgin nan suke ci. Ni kuma ba Basarke ba ne, ko zan shekara ɗari a nan ba a ba ni fito.

Na ce, "To ni mene ne nawa a ciki?"

Ta ce, "Ban ce naka ne ba, maigida. Kai dai ka yi benci."

Kai! Maganar nan ta ƙona ni. Na tafi na zauna a kan jirgin ni kaɗai, ina duban zanena. Dogayen benci, mutane suna kallon juna: wanda duk ya ɗan juya kai zai ga fuskar matuƙi, tun daga wannan gaɓa har waccan, ba abin yi sai kallo. Matan kasuwar Lolo kuwa ba abin da ke wuce idonsu. Mako guda ba za a yi ba asiri zai tonu. Amma in aka jera su kamar a mota, kowa ya ba tsoho baya. Na zagi katakon, na zagi gawayin, na zagi ranar da na koyi kafinta. Sa'an nan na goge zanen farko da tafin hannu.

Mako uku na yi ina wannan aiki, kuma ba ranar da ban yi shi cikin fushi ba. Ga masu kallo ba sa ƙarewa. Wata mai sayar da busasshen kifi ta ce, "Kafinta, makaranta kaka gina muna? Ina za mu aje kwanduna, bisa kai?" Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, a ce jama'a su zauna su juya wa babban mutum ƙeya. Na ce masu haka ake yi a birni, zamani ya canza, mulkin kai ya zo. Ƙarya ce nake zubawa, ina jin ɗacinta a bakina. Ɗan ƙanen tsoho ma yakan zo ya tsaya, hannu a baya, ya yi ta duba. Kallonsa ya fi maganar kowa tayar mani da hankali.

Fenti kuma, koren da aka kawo mai haske ne, kamar ganyen shinkafa sabon tsiro. Da farin, a idon tsoho duk abu ɗaya ne. Sai na sa matata ta kankaro mani baƙin gindin tukwane, na niƙe shi lukwi na zuba a ciki, na yi ta damawa har ya koma kusan baƙi. Da shi na shafe daɓen da cikin jirgin duka. Bakin kowane benci na ja masa farin layi mai faɗin yatsa huɗu, haka gefen jirgin, haka hanyar da za ta kai mutum daga gaba zuwa wurin matuƙi. Wakilin hakimi ya zo ya duba ya ce, "Kafinta, koren ga naka ya ƙone!" Aka yi ta dariya. Amma ya ce ai dai kore da fari ne, ya yaba mani da kishin ƙasa. Kishin ƙasa! Ni da ke ƙirga kwanakin barin garin.

Ranar da fenti ya bushe tsoho ya sauko. Ina gefe tsugune, ina satar kallon ƙafafunsa. Ya taka jirgin, ya ɗan tsaya. Sai ya bi farin layin nan tiryan-tiryan har baya, bai taɓa benci ko ɗaya ba, bai miƙa hannu ba. Rabon da in ga ya yi tafiya haka na manta. Abin ya taɓa ni, na kuma ji haushin kaina da ya taɓa ni.

Sai dai fenti ba ya nuna masa gungumen da ke gangarowa a tsakiyar kogi. Nan ne na tuna aikin mota. Direba ba ya ganin bayansa, yaron mota ke bubbuga bodi: ɗaya tsaya, biyu tafi. Sai na yi wani ƙaramin benci na mutum ɗaya, dab da gaban matuƙi, sama da sauran kaɗan don mai zama ya hangi ruwa. A ƙasansa na bar katako guda sako-sako wanda ya miƙe har ƙarƙashin ƙafar tsoho. Ka buga dunduniya sau ɗaya, dama. Sau biyu, hagu. Ka danna ka riƙe, a sassauta. Ba mai ji sai shi. Matata ce ta kai masa bayanin. Ta ce da ta gama sai ya tambaye ta ko an ba awaki dusa.

Wa zai zauna a bencin? Ni na riga na yanke. Akwai wani gajeren mutum mai tura gora, ya fi shekara ashirin tare da tsoho, yana son sa tsakani da Allah. Matata ta ce a'a, bakinsa ba shi da marfi, abin da ya ji da safe kasuwa ta ji kafin azahar. Na ce ba sai ya san dalili ba, zan ce masa sabon tsari ne na birni. Muka yi ta ja, har ta yi kuka, ni kuma na ce ko za ta cika Kwara da hawaye sai na shiga motar nan. Na faɗa, ban janye ba.

Biki ya zo ya wuce, aka yi kiɗa, aka ɗaga tuta, jirgi ya yi sawu huɗu ina kan bencin. Ni dai ban ga bikin ba, ruwa nake kallo. Kashegari da safe na ɗaure akwatin kayan aikina, na tura shi ƙarƙashin bencin. Matata ta rako ni bakin ruwa da goyon 'yarmu, ta ce Allah Ya kiyaye, ta juya tun ba a kwance igiya ba. Na ja gajeren nan gefe na koya masa bugun. Ya ce, "To, to, to," yana washe baki.

A tsakiyar kogi, ina kan bencin, sai ga wata bishiya guda da saiwarta, rabinta a nutse, tana tahowa ta hagunmu. Na buga sau ɗaya. Na ji katako ya amsa, jirgi ya karkata a hankali, rassan suka wuce suna gogar gefe. Wata tsohuwa ta waiwaya rabi ta ce, "Allah Shi bar muna Baba! Idon ga nai ba ya tsufa." Jama'a suka ce amin. Ni gumi ne ke bin bayana.

Muka isa ƙetare. Ga motar can a kan tudu, an gama ɗaure kaya, direba ya hango ni ya ɗaga hannu. Na jawo akwatina na sauka. Masu komawa suka fara shiga, jirgi ya cika maƙil, har da ɗan ƙanen tsoho, wanda ya kwana a wannan ɓangare. Gajeren nan ya ajiye gorarsa ya haye bencina.

Sai ƙafafunsa suka tsaya a sama suna reto. Tsakaninsu da katakon ya kai taƙi guda.

Ni ban taɓa lura ba, wallahi ban lura ba. Kafinta in yana yin abin zama, zama yake yi a kai ya ji tsayin. Haka na yi, kamar yadda na saba, ban ko tuna wa nake yi wa ba. Mutumin ya bushe da dariya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Jama'a ku gani! Kafinta ya ce in riƙa buga wa Baba ƙahwa in na ga icce. To da mi zan buga? Kuma tun yaushe Baba ka bukatar a buga mai?"

Na ga ɗan ƙanen tsoho ya juyo gaba ɗaya a kan bencinsa. Ya dubi katakon, ya bi shi da ido har ƙarƙashin ƙafar kawunsa, ya fara ɗago kai.

Tsoho ya miƙa hannu ya dafa bencin, ya shafa shi. Ya ce, cikin muryar wasa, "Sauka, kai kuma, kafinta ya yi ma tsiya ka hau ka zauna. Wanga ba naka ba ne. Da tashi ƙahwa ya auna shi." Aka kwashe da dariya, aka yi ta tsokanar gajeren, ya sauko yana sosa ƙeya ya koma ga gorarsa. Ɗan ƙanen ya ɗan murmusa, ya juya gaba.

Direba ya danna ham. Ina tsaye cikin ruwa iya idon sawu, dab da bayan jirgin, akwati a kaina. Sai tsoho ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. Karo na farko ke nan a shekara uku da ya yi mani magana ba ta bakin kowa ba.

Ya ce, "Ɗana, tahi abinka. Ruwan ga na san shi."

Na ɗaga ido na dube shi, shi ma karo na farko. Ba ni yake kallo ba. Turken da ake ɗaure jirgi yake wa magana, kamu biyu daga inda nake.

Direba ya sake danna ham, ya leƙo ya yi ihu, "Kafinta, za ka ko ba za ka?" Na dubi bayan mutanen nan arba'in a jere, yadda na jera su da hannuna, ba mai kallon baya. Akwai wata mata a layin ƙarshe, ɗanta a goye yana barci, kansa ya langaɓe. Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi wa kaina ƙaryar kirki. Fushi na ji, fushi mai zafi, da tsohon, da matata, da kogin, da ni kaina. Na wurga akwatin cikin jirgi har zarto ya yi ƙara, na hau na zauna. Dunduniyata ta sauka a kan katakon daidai wa daida.

Motar ta tashi muna tsakiyar ruwa. Ban waiwaya ba, wata ciyawa ce mai yawa ke gangarowa, sai da na buga sau biyu.

Da muka iso matata tana bakin ruwa, ashe ba ta koma gida ba. Ta ga na sauko da akwati, ta buɗe baki, na ce, "Kada ki ce mani komai." Kwana tara ban yi mata magana ba, ita kuma ta bar ni.

Shekara tara na yi a kan bencin nan. Kowace shekara bayan damina in kankare tukwane in sake dama koren, in ja farin layi, har lokacin da farin ma ya daina yi masa amfani, amma na ci gaba da ja don kada a tambaya. Mutanen gari suka ɗauka ragwanci ne, suka ce kafinta ya samu wurin shan iska. Ban taɓa son kogin ba, ko na yini ɗaya, kuma har yau ban iya iyo ba. Tsoho bai sake yi mani magana kai tsaye ba. Muka koma "ki hwaɗa wa mijinki" kamar ba abin da ya faru. Ba mu taɓa rasa ko akuya a ruwa ba.

Da ya rasu, bayan sadakar arba'in, Sarkin Ruwa ya ba ɗan ƙanen fito kamar yadda aka sani. A lokacin maigidana na Sakkwato ya daɗe da mutuwa, rumfar ta watse. Sabon mai fito ya aiko a kira ni, ya ce bencin nan na mota sun dame shi, 'yan kasuwa na ƙorafi. Yana son dogaye biyu, ɗaya a kowane gefe, kaya a tsakiya, a kuma shafa launi mai haske. Ya ce kwana nawa zai ɗauke ni?

Na ce kwana biyar.